Barguna Bakwai

Gidana na kan tudu a Outeiro,
inda dogo ke lanƙwasa kamar lauje
kafin ya shige ramin dutse.
Shekara arba'in jirgin yamma ne agogona:
in ya wuce, in ɗora tukunyar dankali.

Ran nan bai wuce ba.

Kada ku tambaye ni ƙarar, bakina bai kai girmanta ba.
Na dai san kaji sun yi tsit,
kuma Xurxo, mijina mai ciwon gwiwa,
ya haure shingen waya kamar ɗan ashirin,
gatari a hannu, yana fasa tagogi.
Muka ɓalle ƙofar rumbu, muka riƙa ɗauko masu sauran numfashi.
Na kai barguna bakwai,
har da mai jan baki da uwata ta saƙa.
Ko ɗaya bai dawo ba.
Ban cigita ba. Wa ke bin bashin likkafani?

An ce hankalin direban ne ya yi yawo,
numfashi goma, ko ma bai kai ba,
ya zaci miƙaƙƙiya ce, ashe kwana ta iso.
Jarida ta buga shi da jini a goshi,
gari ya sami wuyan rataya laifi.
Ni kuwa na taɓa barin madara a wuta
don maƙwabciya ta kira ni ta kan katanga.
Tawa madara ce ta ƙone.
Iyakar bambancinmu ke nan.

Wata takwas bayan haka, cikin yayyafin nan namu marar ƙarewa,
suka zo da riguna ruwan lemo.
Wata yarinya, Uxía, injiniya, ta roƙi kofi.
Na bi ta har bakin shinge, ta nuna min
wani ɗan akwati rawaya, bai fi farantin burodi ba,
ɗaure da kusoshi tsakanin ƙarafa biyu.
"Shi ke raɗa wa cikin jirgi," in ji ta,
"rage gudu, ga kwana.
In direba bai ji ba, birki ya kama kansa.
Ba ya gyangyaɗi. Ba shi da ɗa mai zazzaɓi a gida."

Na ce, yaushe aka ƙirƙiro shi?
Ta dubi takalminta. "Tun ina firamare."
Na ce, nawa ne?
Ta faɗa. Xurxo ya lanƙwasa yatsu, ya kasa gamawa,
yana kallon furannin da suka ruɓe a kan gada.

Ihu bayan hari, maganar ta zo min har leɓe.
Sai na ga kofin yana rawa a hannunta.
Ba ita ta ce a jira baɗi ba.
Na ƙara mata sukari.

Yanzu tun daga itacen ɓaurena jirgi ke ladabi.
Ina jin birki yana jan sa kamar uwa ta riƙo kunnen yaro.
Har fuskoki nake gani: mai barci, mai cin tuffa,
wata da ta jingina goshi da gilashi,
ba ta san a kan me take wucewa ba.
Gara haka.

Bara wani dattijo ya zo daga kudu, ya tsaya a shinge,
ya miƙo min sabon bargo a leda.
'Yarsa, in ji shi, a cikin mai jan baki aka same ta.
Yana saman kabad, ban buɗe ba.

Uxía ta ce akwatin na ji ko ƙanƙara ta rufe shi.
Na yarda da ita.
Amma in ganye ya zuba da kaka,
nakan leƙa ta taga sai na hango rawayar nan,
in ƙirga taragai har na ƙarshe ya shige duhu,
sannan in kunna wuta.